Akuyoyi 57 da Tambayar da Ta Dace da Ajin Bayoloji

A watan Janairun 2000 bishiya ta faɗo wa Celia a gandun dajin Ordesa na ƙasar Sifen, ta mutu. Ita ce ta ƙarshe a jinsin akuyar dutse da ake kira bukardo, wadda farauta ta cinye. Shekara guda kafin nan masana sun gutsiri fatar kunnenta sun daskarar. Daga baya suka riƙa zare cibiyar ƙwayoyin wannan fata suna sakawa cikin ƙwan akuyar gida da aka cire wa tasa cibiyar, dabarar da ta samar da tunkiya Dolly a 1996. An dasa wa akuyoyi 57, bakwai suka ɗauki ciki, ɗaya ce kawai ta kai ga haihuwa. A Yulin 2003 aka ciro 'yar ta hanyar tiyata, cikin 'yan mintoci ta mutu saboda nakasar huhu.

Ra'ayina shi ne daga waɗannan alƙaluma ya kamata malami ya taso. Abin da ɗalibanmu za su fara tambaya sananne ne: ko wannan ba shisshigi ba ne cikin ikon Allah? Tambayar tana da muhalli, amma malaman fiƙihu sun riga mu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta haramta kwafar halittar mutum, ta halatta ta dabbobi da tsirrai bisa sharaɗin amfani da kauce wa cutarwa. Wannan sharaɗi kuwa ba a iya auna shi sai da ilimin halittu. Wa ya ɗauki wahalar? Akuyoyin da suka yi ɓari. Idan aka koma batun dawo da giwar ƙanƙara mai gashi, wadda za ta ɗauki cikin ita ce giwar Asiya, mai rainon ciki wajen wata 22, alhali ita kanta tana fuskantar barazanar ƙarewa.

Sannan a ɗauka 'yar bukardon ta rayu. Celia mace ce, duk kwafinta mata ne masu gado iri ɗaya, kuma babu namiji. Ɗalibin da ya fahimci darasin gadon halitta zai gano da kansa cewa garke ba ya tashi a haka. Shi ya sa ban yarda a ware wannan muhawara zuwa mintoci biyar na ƙarshen darasi ba. A yi ta tun ana zana ƙwai da cibiyarsa a allo.