Likita Molineaux da Sauron Garki

A arewa maso gabas da birnin Kano, tafiyar kamar mil 60, akwai ƙasar Garki, wadda ke maƙwabtaka da ƙasar Gumel. Ƙasa ce ta rairayi da gero, kamar dai ta Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari. Rani yana da tsawo, damina kuwa gajeriya, amma da ruwa ya sauka sai kududdufai su cika, sauro ya tashi, zazzaɓi ya shiga gida gida. A nan ne wani likita mutumin Beljiyam, mai suna Louis Molineaux, ya yi aikin da ya fid da sunansa a duniya.

Asalin abin shi ne, a 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙudura za ta kashe zazzaɓin cizon sauro ƙurmus ta hanyar feshin magani a ɗakuna. An ci nasara a waɗansu ƙasashe, amma an jarraba a wajen Birnin Kebbi, sauro ya saba da maganin, ya daina mutuwa. A 1969 aka janye wannan ƙuduri. Saura tambaya guda: shin in an haɗa feshi mai kyau da ƙwaya, ana iya yanke cutar a ƙasa irin tamu ta Sudan? Don a sami amsa sai Hukumar da Gwamnatin Nijeriya suka zaɓi Garki, aka yi ta aiki daga 1969 zuwa 1976.

Sana'ar Molineaux ita ce ƙidayar cuta, watau sanin wa ta kama, yaushe, kuma ta wace hanya. Saboda haka ba a yi garaje ba. Aka shafe wata 18 ba a fesa kome ba, ana kallo kawai. A ƙauyuka 22, kowane mako 10 a bi mutane da sunayensu, a ɗigi jini daga yatsa, a duba da madubin likita. Da dare kuma ma'aikata su zauna da ƙafa a buɗe suna kama sauron da ya sauka a kansu, da safe a feɗe shi. Aiki ne mai cin rai, amma da shi aka gane a wani ƙauye mutum guda yana shan cizo mai ɗauke da cuta har sau 145 a shekara, galibinsa da damina.

A 1972 da 1973 aka fesa wani magani mai suna propoxur a ƙauyuka 164, a 60 daga ciki kuma aka riƙa raba ƙwaya ga jama'a. Abin da ya fito ya ba masana mamaki. Feshi ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cuta da kashi 90 cikin 100, amma masu ƙwayar cutar a jini ba su ragu ba sai da kamar kashi 25. Dalili kuwa, cizon ya yi yawa ƙwarai, ko an raba shi goma ragowar ta isa ta kama kowa. Ga shi kuma wani sauron in ya sha jini ba ya kwana jikin bango inda magani yake, waje yake fita. Inda aka haɗa da ƙwaya akai akai cutar ta faɗi ƙasa sosai, yara kuma suka rage mutuwa, amma ba ta yanke ba. Da aka daina, sannu a hankali ta komo yadda take.

Wani zai ce an yi wahalar banza. Ba haka ba ne, gama Molineaux bai ɓoye sakamakon ba, bai kuma shafa masa mai ba. Shi da Klaus Dietz, masanin lissafi Bajamushe, da wani abokin aikinsu Thomas, suka fid da wani tsarin lissafi a 1974 mai nuna yadda cutar ke bi daga sauro zuwa mutum, da yadda jiki ke samun garkuwa in an sha kamuwa. Ross da Macdonald sun riga su lissafin zazzaɓi, amma na Garki an gwada shi da jinin mutane na ainihi, ƙauye ƙauye. A 1980 kuma shi da Gramiccia suka buga littafin aikin duka a Janiba, inda ya ci gaba da aiki a hedkwatar Hukumar.

Har wa yau masana na komawa ga alƙaluman Garki in za su auna amfanin gidan sauro ko allurar rigakafi kafin a kashe kuɗi. Cikin masu irin wannan lissafi akwai Farfesa Abba Gumel, wanda ya yi karatu a Jami'ar Bayero ta Kano, ya koyar a Kanada, sa'an nan ya koma Amurka, ya kuma yi rubutu a kan yadda zafi da ruwan sama ke juya yaɗuwar zazzaɓi.