Bayani a kan burhani da hiɗaba: misalin Ibn Haldun

Ka sani, ya kai almajiri, malaman manɗiƙi sun raba tsakanin burhani da hiɗaba. Burhani hujja ce da aka gina a kan abin da ya tabbata. Hiɗaba kuwa fasahar magana ce wadda ake jan zukatan jama'a da ita, su karɓi wani ra'ayi ko su bar shi. Idan aka cakuɗa su wajen binciken al'amuran mutane, sai ƙarya ta shiga tarihi.

Abdurrahman Ibn Haldun, Allah ya jiƙansa, an haife shi a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. A shekarar 1377 ya rubuta Muƙaddima, inda ya kafa ilimin zaman jama'a da ya kira ilmul umran, ya kuma bayyana cewa wannan ilimi daban yake da hiɗaba. Daga cikin sabubban ƙarya a labarai ya ƙirga son rai ga mazhaba, da amincewa da mai ruwaya ba bincike, da neman kusanci ga sarakuna ta hanyar yabo.

Dubi yadda ya yi da labarin Mas'udi da waɗansu, cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, alaihissalam, sun kai 600,000. Bai tsaya a kan darajar mai ruwaya ba, sai ya auna labarin kansa. Ya kawo Farisa, wadda mulkinta ya fi nasu faɗi nesa ba kusa ba, amma rundunar Rustum a Ƙadisiyya 120,000 ce a ruwayar Saifu. Sannan ya duba nasaba: kakanni huɗu ne kacal tsakanin Annabi Musa da Annabi Yaƙuba, wanda ya shiga Masar da mutum 70. Ta yaya zuriya za ta kai wannan adadi cikin ɗan lokacin nan? Ya ƙara da cewa sahun yaƙi irin wannan zai wuce iyakar ganin ido.

A wurinsa, duba adalcin masu ruwaya shi ne ginshiƙi a hadisan hukunci. Amma labarin aukuwa, sai an fara tambaya ko yana iya faruwa bisa ɗabi'ar zaman mutane. Saboda haka idan ka karanta tarihin sarakunan Damagaram ko Gobir ka ga adadin dawaki da mayaƙa, ka tambayi yawan rijiyoyi da hatsin da za su ɗauke su kafin ka kwafa. Wallahu a'alamu.