Taig da Fenian: Tarihin Zagi Biyu da Suka Hau Talabijin

A watan Nuwamba na shekarar 2025 gidan talabijin na Channel 4 da ke Ingila ya nuna wani wasan kwaikwayo mai kashi 4, sunansa Trespasses, wanda aka ɗauko daga ƙagaggen labarin da wata marubuciya 'yar Ayalan ta Arewa, Louise Kennedy, ta wallafa a 2022. Labarin na 1975 ne, a wani ɗan gari da ke gefen birnin Belfas. Wata malamar firamare, Cushla, 'yar ɗariƙar Katolika, ta faɗa soyayya da wani lauya mai suna Michael Agnew, ga shi magidanci ne, ga shi kuma ɗan Furotesta. A wancan zamani kuwa irin wannan soyayya tana iya jawo wa mutum asarar rai. Duk wanda ya ɗauki labarin wannan wuri zai kai shi talabijin, tilas ya yanke shawara a kan wasu kalmomi guda biyu waɗanda suka cika bakin mutane da jikin bango a lokacin, watau Taig da Fenian. Ko dai ya sa su a bakin 'yan wasa, ko ya share su. Kafin mu ce komai a kan wannan, ya kamata mai karatu ya san inda kalmomin suka fito.

Ita Taig asalinta sunan yanka ne, Tadhg, tsohon suna na harshen mutanen Ayalan, wanda masana suka ce ma'anarsa mawaƙi. Sarakuna sun amsa shi. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Sarki Brian Boru, wanda aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014, sunansa ke nan. Da yake suna ne da ya yawaita a tsakanin talakawa, sai Ingilishi suka mai da shi laƙabin kowane mutumin Ayalan, suna rubuta shi Teague. A wajajen 1662 aka yi wani wasan kwaikwayo a London mai suna The Committee, na Robert Howard, a cikinsa akwai wani bara mai suna Teague, mai amana amma shashasha, kuma daga nan irin wannan bara ya zama abin dariya na kullum a dandamalin Ingila. A 1688 waƙar nan Lillibullero ta game ƙasar, tana yi wa Katolikan Ayalan masu goyon bayan Sarki James na Biyu ba'a, sunan Teague kuma yana cikinta. Abin mamaki shi ne, karin wannan waƙa shi sashen Turanci na BBC mai watsa shiri zuwa ƙasashen waje ya yi shekaru da yawa yana kaɗawa kafin labarai, iyayenmu masu rediyo sun sha jin sa ba tare da sanin abin da ke bayansa ba. Bahaushe ba zai sha wuyar gane yadda suna mai kyau ke lalacewa ba, tunda ya ga abin da kalmar aboki ta koma a bakin wasu mutanen Kudu.

Fenian kuwa mutanen da kansu suka raɗa wa kansu ita, da alfahari. A 1858 aka kafa wata ƙungiyar ɓoye ta neman 'yancin Ayalan da makami, James Stephens yana jagorancinta a Dublin, John O'Mahony yana riƙe da reshen Amurka. Shi O'Mahony masanin tsohon harshensu ne, sai ya aro sunan daga Fianna, mayaƙan tatsuniya na Fionn mac Cumhaill. Sun tayar da bore a 1867, bai yi nasara ba. Amma sunan ya zauna, har ya zama a Arewa idan aka kira mutum Fenian ana nufin Bakatolike ne, kuma kowane Bakatolike ɗan tawaye ne.

Dalilin da ya sa zagin ya yi kaifi a Arewa tsohon abu ne. Tun daga 1609 gwamnatin Ingila ta shiga ƙwace filaye a lardin Ulster tana zaunar da Furotesta daga Ingila da Sikotlan. A 1690 Sarki William ya ci James da yaƙi a bakin kogin Boyne. A 1921 aka raba tsibirin, gundumomi 6 na Arewa suka zauna ƙarƙashin Biritaniya, Katolika suka zama marasa rinjaye a cikinsu, ana tauye su wajen aiki da gidajen gwamnati da shatar mazaɓu. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa yarjejeniyar 1998 aka yi tashin hankalin da ya ci rayuka fiye da 3,500. A cikin waɗannan shekaru kalmar Taig ta daina zama abin dariya. Ana rubuta ta a bangon gida don a ce wa mai gidan ya tashi, har akwai haruffa uku, KAT, masu nufin a kashe duk wani Taig. Su ma Furotesta ba su tsira ba, akwai sunayen raini da ake jifansu da su daga ɗaya ɓangaren.

To, talabijin ɗin Biritaniya ya daɗe yana fama da abin da za a bari a ji daga Ayalan. Daga Oktoba 1988 zuwa Satumba 1994 gwamnati ta hana a watsa muryar wakilan Sinn Féin da na wasu ƙungiyoyi na ɓangarorin biyu. Sai gidajen suka dinga nuna fuskar Gerry Adams bakinsa yana motsi, wani ɗan wasa yana faɗin maganarsa, abin ya zama abin ba'a. Game da zagi kuma akwai ƙa'idar ƙarfe 9 na dare, wadda kafin ta ba a sakin kalmomi masu nauyi saboda yara. A 2016 hukumar Ofcom mai kula da watsa shirye-shirye ta fitar da jerin kalmomin da ta tambayi masu kallo a kansu, Taig da Fenian suna ciki. A watan Yuni na 2020 har an cire wani kashi na tsohon wasan barkwancin nan Fawlty Towers daga inda ake kallonsa saboda zagin launin fata, sa'an nan aka mayar da shi tare da gargaɗi.

Ni a ganina, labari irin na Kennedy bai kamata a wanke masa baki ba. A cikinsa akwai wani yaro ɗan ajin Cushla, Davy McGeown, wanda iyayensa auren gauraye suka yi, suna zaune a unguwar Furotesta, aka kama ubansa aka yi masa dukan kawo wuƙa. Idan aka nuna jinin aka ɓoye kalmar da ake kiran mutumin da ita, an nuna duka ba a nuna abin da ya halatta shi a zuciyar masu dukan ba. Amma fa masu tsoro su ma suna da hujja. A littafi mai karatu shi kaɗai yake, marubuciya tana riƙe da hannunsa shafi bayan shafi. A talabijin kalmar tana fitowa da murya a tsakiyar falo, a gidan da wataƙila an taɓa rubuta ta a bangonsa, kuma ana iya yanke wurin a yi ta yawo da shi a waya ba tare da labarin ba.

Sai dai abin da ya fi ba mai shirya wasa wuya ba ya cikin jerin Ofcom. A farkon labarin Cushla ta shigo mashayar gidansu ranar Larabar Toka da alamar toka a goshinta, dole ta goge ta saboda yawancin masu shan ba 'yan ɗariƙarta ba ne. Mutanen Belfas ba su bukatar a yi zagi kafin su gane ɓangaren mutum. Sunansa ya isa, ko unguwarsu, ko makarantar da ya yi. Kai, har yadda yaro ke kiran harafin H in yana karanta abacada, Bakatolike ya ce "haitch", ɗan Furotesta ya ce "aitch".