Tarihin Shan Inna Da Aka Karanto Daga Ruwan Kwatar Haɗejiya

Jama'ar Miga, Haɗejiya da ƙauyukan fadama, akwai wani tarihi da ya faru a ƙofar gidanmu, kuma kaɗan ne cikinmu suka san shi. Tushensa Amurka ne, a 1983, lokacin da Kary Mullis ya gano hanyar kwafo ɗan guntun ƙwayar halitta sau miliyoyi, abin da ake kira PCR. Daga baya masana suka ƙera wani ɗan zare mai ɗauke da sinadari mai ƙyalli. Ana jefa shi cikin samfur, in ya tarar da jerin haruffan ƙwayar cutar da ake nema sai ya manne, haske ya tashi, na'ura ta gani. In babu ita, shiru kake ji.

Ƙwayar shan inna kuma tana da wata ɗabi'a: duk shekara, kusan harafi 1 cikin 100 na rubutunta yana canjawa. Saboda haka in aka karanta haruffa kusan 900 na wani sashenta, ana iya jero salsalarta, a san daga ina ta fito da shekarun da ta yi tana yawo.

Da Kano ta dakatar da ɗigon riga-kafi a 2003, wannan karatun ne ya bi sawun cutar har Yaman da Indunusiya a 2005, ya nuna asalinta arewacin Nijeriya ne. Abin da zafi, amma haruffan ba su da son kai. A 2011 aka fara ɗibar ruwan kwatoci a Kano, domin yawancin yaran da suka kamu ba sa shanyewa, kashinsu kawai ke fitar da ƙwayar. A 2016 aka sake ganin cutar a Borno, karatun ya nuna ta yi kusan shekara 5 a ɓoye.

Namu ya zo a farkon 2018. Ma'aikata suka ɗebi ruwan kwata a Haɗejiya, baƙi ƙirin mai wari, suka rufe jarka, suka sa a akwatin ƙanƙara, aka tura ɗakin gwaji. Sakamako ya nuna ƙwayar shan inna nau'i na biyu tana yawo a gari. A watan Afrilu sai ga yaro ya shanye a Kaugama, nan kusa da Miga, kuma ƙwayarsa 'yar gida ɗaya ce da ta kwatar.

A nan dole a faɗi gaskiya. Wannan ƙwayar jikanyar ƙwaya mai rauni ce da ke cikin ɗigon riga-kafi. Inda aka yi wa kusan kowane yaro, ba ta samun wurin zama. Inda aka tsallake yara da yawa, ko don ambaliya ta yanke hanya ko don maigida ya hana, sai ta yi ta yawo daga ciki zuwa ciki har ta maido da ƙarfinta. Yaran da aka bari ne suka sha wuyar, kuma wannan yana ci mini rai.

Kafin shekarar ta ƙare, an ga zuriyar ƙwayar Haɗejiya a Yobe, an gan ta a jihar Damagaram ta Nijar. Ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa Afirka ta rabu da shan inna na asali. A Maris 2021 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon ɗigon nau'i na biyu, wanda aka gyara rubutun halittarsa don kada ya riƙa rikiɗa cikin sauƙi.