Tsirkiya da Waya: Daga Filin Tanis zuwa Wuyan Kuntigi

Duk wanda ya taɓa zama rumfar mai gyaran keke ranar kasuwa a ƙasar Gangara ya san cewa wayar birki ba ta mutuwa sau ɗaya. Idan ta tsinke a jikin keke, mai gyara ya yar da ita, yara su tsinta su warware ta sili-sili. Wani ya ɗaure motarsa ta kara da ita, wani ya kafa tarko, wani kuma ya nemo gwangwanin kifi da guntun fatar akuya da ƴar sanda, ya ɗaura sili guda ya ja shi har ya yi amo: kuntigi ya samu ke nan.

Gangara ƙaramar hukuma ce a kudancin jihar Maradi, bakin iyaka da Najeriya. Tana cikin gundumar Agye har zuwa shekara ta 2011, sa'ad da aka yanke Gazawa ta zama gunduma mai zaman kanta. Ba a san wannan yanki da wasan tanis ba. Wasan da yake tara jama'a a nan shi ne kokowa, kuma ɗan Maradi ne, Yakuba Ango Kantu, ya zama sarkin kokowa na farko a gasar ƙasa da aka yi a Tawa cikin 1975. Duk da haka, siririyar wayar nan da yaran Gangara suke kaɗawa tana da ƴar'uwa wadda ta shiga filayen tanis na Amurka da Ingila kimanin shekara ɗari da suka wuce, da niyyar korar tsirkiyar hanji. A can ta sha kaye, a ƙasar Hausa kuwa ta sami wurin zama. Dalilin wannan bambanci shi ne abin da ya cancanci a duba.

Tsirkiya kafin zuwan waya

Bahaushe yana da kalma guda, tsirkiya, wadda yake kiran zaren baka da ita, kuma yake kiran zaren garaya da molo da gurmi. Ba mamaki, domin asalinsu ɗaya ne: jikin dabba. Fata ce ko jijiya ake yankawa siriri, a jiƙa, a murɗa, a miƙe ta tsakanin turaku biyu har ta bushe. Goge da kukuma kuwa izgar doki suke amfani da ita. Ƙasar Maradi ba ta rasa kayan wannan aiki ba, tun da jar akuyarta ta yi suna a kasuwannin fata na duniya.

Turawa ma dabba suka dogara gare ta, sai dai su hanjin tumaki suka fi zaɓa. Da shi suke yin tsirkiyar gogensu da garayarsu tun zamanin da. Shi kansa wasan tanis ya samo asali ne daga wani tsohon wasan Faransa da ake bugawa da tafin hannu, wato jeu de paume, kuma masana harshe suna danganta sunan tanis da kalmar Faransanci tenez, wadda mai bugun farko yake faɗa wa abokin karawarsa, ma'ana “karɓi”. Wajen ƙarni na 16 aka fara amfani da raket, wato mabugi mai kama da rariya, da'irar itace wadda aka saƙa tsirkiya a tsakiyarta.

Tanis na zamani ya bayyana a Ingila cikin 1874, lokacin da wani hafsan soja, Walter Clopton Wingfield, ya yi rajistar wasan da ake bugawa bisa ciyawa. Shekara guda bayan haka, cikin 1875, Pierre Babolat na birnin Liyon a Faransa, wanda sana'ar gidansu ita ce sarrafa hanji domin kayan kiɗa da wasu bukatu, ya fara yin tsirkiya mai tsawon da zai ishi raket. Gasar Wimbledon ta farko ta biyo baya cikin 1877. Ashe tsirkiyar tanis daga ɗakin makaɗa ta fito.

Aikinta ba ƙarami ba ne. Ana ɓare fatar bayan hanjin, a tsaga ta dogo-dogo, a wanke, a haɗa sili da yawa a murɗa tun suna jiƙe, a shanya su a miƙe sannu a hankali, sa'an nan a goge su yi sumul. Raket guda yana cin kimanin mita 12. A yau hanjin shanu ake amfani da shi, kuma sai an haɗa na saniya biyu ko uku kafin a saƙa raket ɗaya. Ga tsada, ga rashin jure laima: da zarar tsirkiyar hanji ta sha raɓa ko ruwa sai ta kumbura, ta yi gashi, ta tsinke. Itacen raket ɗin ma yakan karkace da danshi, har sai an matse shi cikin wani katako mai kusoshi bayan kowane wasa.

Larned da raket ɗin ƙarfe

Wanda ya yi yunƙurin kawar da wannan wahala ba baƙo ba ne a filin wasa. William Larned ya ci gasar tanis ta Amurka har sau bakwai: 1901, 1902, sa'an nan daga 1907 zuwa 1911 a jere. Cikin 1922 ya fito da raket mai da'irar ƙarfe, aka kafa kamfani domin ƙera shi a birnin Dayton na jihar Ohayo, mai suna Dayton Steel Racquet Company. Mariƙin na itace ne, amma da'irar ƙarfe ce, kuma maimakon hanji sai aka saƙa ta da siririyar wayar ƙarfe irin wadda ake sa wa piyano. A wannan zamani kuma wani kamfani na Birmingham a Ingila ya fito da raket mai suna Birmal, jikinsa na alminiyam, saƙarsa ta waya.

Tunanin bai rasa madogara ba. Tun cikin ƙarni na 19 wayar ƙarfe mai ƙarfi ta mamaye piyano. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, hanji mai kyau ya yi wuya, masu gogen Turawa da yawa suka koma ga waya a tsirkiyarsu mafi siranta, kuma har yau a nan aka tsaya. Tun da waya ta ci nasara a hannun makaɗa, me zai hana ta ci a hannun ƴan wasa? Ba ta jin ruwa kamar hanji, ba ta saurin tsinkewa, da'irar ƙarfe kuma ba ta karkacewa.

Manyan ƴan wasa suka gwada, suka ajiye. Sai an gwada akan san na ƙwarai, in ji masu magana. Dalilin ƙin nasu yana cikin abin da yake faruwa a ɗan lokacin da ƙwallo ta taɓa raket, wanda bai wuce kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa ba. A wannan ƙiftawar ido abu biyu ne suke lotsawa, ƙwallo da saƙa. Ƙwallon tanis marowaciya ce: bisa ƙa'idar wasan, idan aka sake ta daga tsayin santimita 254 bisa daɓe mai tauri, ba ta tashi fiye da santimita 135 zuwa 147, wato kusan rabin ƙarfinta ya tafi a lotsawa. Tsirkiyar hanji kuwa kusan duk abin da ta karɓa takan mayar. Saboda haka idan saƙa ta miƙe ta ba da wuri, ƙwallo ba ta lotsawa da yawa, sai ta fita da ƙarfi, hannun mai bugu kuma ya huta. Waya ba ta miƙewa kamar hanji. Sai ta bar wa ƙwallo dukan lotsawar, ta aika girgiza zuwa gwiwar hannu. Bayan haka tana kankare gashin ulu da aka lulluɓe ƙwallo da shi, alhali wannan gashi ne yake daidaita tafiyarta cikin iska. Abin da aka tsimi a kuɗin tsirkiya sai a biya shi a kuɗin ƙwallo.

Larned ya rasu cikin 1926, bai ga raket ɗinsa ya karɓi manyan filaye ba. Amma kamfanin bai mutu ba. Ya ƙaura zuwa wani ƙaramin gari na Ohayo mai suna Arcanum, ya ci gaba da aiki har cikin shekarun 1990. Su wa suka riƙe shi tsawon wannan lokaci? Makarantu da wuraren wasan yara da sansanonin hutu, wato masu sayen kaya domin hannuwa da yawa, waɗanda ba su da mai saƙa a kusa, ba su kuma da kuɗin sake saye kowace shekara. Duk daraktan makarantar da ya taɓa raba ƙwallo guda ga aji shida zai gane wannan lissafi. Zakara yana neman abin da ya fi daɗin hannu, mai riƙe da asusu yana neman abin da zai kai baɗi.

Abin da ya biyo baya

Abin da ya rage wa hanji kasuwa daga ƙarshe shi ne nailan, wanda Wallace Carothers ya haɗa a kamfanin DuPont cikin 1935. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu nailan ya zama tsirkiyar talaka a tanis: yana miƙewa, yana jure ruwa, ga araha. Ƙarfe kuwa ya dawo ta wata ƙofa. Cikin 1963 René Lacoste, tsohon zakaran Faransa, ya fito da raket na bututun ƙarfe, wanda kamfanin Wilson ya sayar daga 1967 da sunan T2000. Da shi Jimmy Connors ya ci Wimbledon cikin 1974. A jikin wannan raket akwai waya da aka nannaɗe a da'irar, amma aikinta riƙe tsirkiya ne kawai. Ba ita take taɓa ƙwallo ba.

Cikin 1997 wani matashi ɗan Barazil, Gustavo Kuerten, ya ci gasar Roland-Garros da tsirkiyar poliyesta ta kamfanin Luxilon na Beljiyam. Ita ma mai tauri ce, sai dai tana da santsi: takan zame gefe ta dawo da sauri, ta sa ƙwallo juyawa. Saboda taurinta, ƴan wasa da yawa sukan haɗa ta da hanji a raket guda. Haka Roger Federer ya yi har ya bar wasa cikin 2022: hanji a tsaye, poliyesta a kwance. Shekara ɗari da hamsin bayan Babolat, ba a sami abin da ya kori hanji ɗungum ba.

Me ya sa waya ta zauna a ƙasar Hausa?

Makaɗi ba ƙwallo yake bugu ba. Abin da yake nema ga tsirkiya shi ne amo mai tashi, da zama bisa murya ɗaya ko da damina ko da hunturu. Taurin da ya kayar da waya a filin tanis shi ne ya ba ta murya mai kaifi a wuyan kuntigi, muryar da take ratsa hayaniyar kasuwa da tashar mota. Ga shi kuma ba a sayenta da tsada. Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru cikin 1946 ya rasu cikin 2015, ya zagaya duniya da kuntigi mai tsirkiya guda. Inda ake son murya mai taushi kuwa, kamar a molo da danginsa na Afirka ta Yamma, zaren nailan na masunta ne ya maye gurbin fata da izga a hannun makaɗa da yawa. Ƙarfe ɗaya ba ya amo: darajar zare tana ga abin da aka haɗa shi da shi, da bukatar mai riƙe da shi.

Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata ya dami malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. A Turai, ko da nailan da poliyesta suka zo, sana'ar hanji ba ta ɓace ba, domin akwai masana'anta, akwai rubutu, akwai masu koyo. A karkarar Maradi sanin tsirkiya yana cikin hannun dattawa ne kawai: mafarauta, dukawa, tsofaffin makaɗa. Wace fata ce ta fi? Kwana nawa ake jiƙa ta? Ta wane gefe ake murɗawa, da me ake shafe ta don kada ta bushe ta karye? Yaron da ya tashi ya tarar da wayar birki ba shi da dalilin yin waɗannan tambayoyi, kuma ranar da dattijon ya kwanta dama, amsoshin sun bi shi, tare da kalmomin da ake faɗarsu da su.

An taɓa yin irin wannan ceto. David Ames da Anthony King sun tattara kalmomin kiɗan Hausa cikin wani littafi da ya fito a 1971. A Nijar kuma, Malam Maman Barka, malamin makaranta kuma makaɗin gurmi wanda ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, ya tafi bakin tafkin Cadi cikin 2002 ya zauna gaban Bukar Tar, tsohon makaɗin biram na Buduma, ya koyi wannan kiɗa mai tsirkiya biyar kafin ya ɓace. Barka ya rasu cikin 2018, amma biram ya rage.

Aikin da ya rage a Gangara da Gazawa da Agye da Gidan Rumji bai kai wannan nisa ba. Malamin Hausa yana iya tura ɗalibansa, kowa ƙauyensu, da littafin rubutu da wayar salula, su zauna gaban mai garaya ko tsohon maharbi, su rubuta sunan kowane sashe na kayan, su ɗauki hoton murɗa tsirkiya daga yankan fata har ɗaurawa, su naɗi amon garaya guda da tsirkiyar fata, sa'an nan da nailan, sa'an nan da waya. Ƙungiyar al'adu ta adana abin da aka samo. Ba wanda zai ce a raba yara da wayar birki. Ta biya bukata, kuma za ta ci gaba da biya. Amma masu tanis sun gwada sabo shekara da shekaru, suka tarar har yanzu suna bukatar tsoho, kuma sun same shi domin ba su bari ya ɓace ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in an ajiye ta.