Kujerun lilo na tsakiyar ƙarni na 20: Asalinsu, masu ƙera su da yadda ake gane na gaske

Kujerar lilo ita ce wadda aka ɗora ƙafafunta a kan lanƙwasassun katakai biyu, ta yadda mai zama zai riƙa kaiwa da komowa a hankali ba tare da kujerar ta gusa daga inda take ba. Ta daɗe a gidajen Turai da Amurka, amma akwai rukuni guda da ya yi fice a kasuwar tsofaffin kayan ɗaki ta duniya, wato waɗanda aka zayyana daga shekarun 1940 zuwa ƙarshen shekarun 1960, musamman a Amurka da ƙasashen Arewacin Turai.

Da yawa daga cikin waɗannan kujeru an tsara su ne domin mai ƙaramin ƙarfi ya iya saye. A yau kuwa masu hannu da shuni da gidajen adana kayan tarihi ne ke rububinsu a wuraren gwanjo. Wannan daraja ta sa kwaikwayo da jabu sun cika kasuwa, har ya zamana sanin tarihin kujerar shi ne babbar kariyar mai saye.

Asali

Kujerar lilo ta fara yaɗuwa a Arewacin Amurka cikin ƙarni na 18, inda kafintoci suka ari dabarar gadon jariri mai lilo suka sanya wa kujerar manya. Mabiya ɗariƙar Shaker, wata ƙungiyar Kirista da ta yi suna wajen ƙera kaya marasa ado, sun inganta ta ƙwarai a ƙarni na 19. A Turai kuma, kamfanin Michael Thonet na birnin Biyana ya fitar da tasa a 1860, wadda aka yi da katakon da ake turarawa da tururin ruwa har ya yi laushi, sannan a lanƙwasa shi.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya fasalinta. Bayan ƙarewarsa a 1945, sojoji sun koma gida sun yi aure, haihuwa ta ƙaru, aka shiga gina ƙananan gidaje birjik. Manyan kujerun da aka gada daga kakanni, masu nauyi da sassaƙa, ba su dace da waɗannan ɗakuna ba. A gefe guda kuma, masana'antun da suka yi wa yaƙi hidima sun fito da sababbin kayan aiki, kamar gam mai ƙarfi, da fallayen katako da ake mannewa a matse su su ɗauki siffa, da roba mai haɗe da zaren gilashi. Masu zayyana kayan ɗaki suka karkata ga waɗannan kaya.

Sunan da aka san salon da shi a yau ya bazu ne daga baya, bayan da marubuciya Cara Greenberg ta wallafa littafinta mai suna Mid-Century Modern a 1984, wanda ya yi bayani a kan kayan ɗakin shekarun 1950.

Siffofinsu da yadda suke lilo

Ana gane kujerun wannan zamani da wasu alamomi. Mazauninsu bai cika tsawo ba, majinginar kuma ta ɗan kwanta baya domin hutawa. Ba su da sassaƙa ko ado mai yawa. Ana barin katako ko ƙarfen da ke riƙe da su a bayyane, ƙafafun suna sirancewa zuwa ƙasa, kuma mutum ɗaya zai iya ɗauka ya sauya musu wuri.

Sirrin lilon yana cikin lanƙwasar katakan ƙasa. Kowanne daga cikinsu yana taɓa ƙasa ne a wuri guda kawai a lokaci guda, don haka kujerar takan tsaya a daidai inda nauyin mai zama ya daidaita. Idan ya ɗan tura ƙasa da ƙafarsa, nauyin nasa ne ke dawo da shi. Katakon da lanƙwasarsa ta yi tsanani yana sa kujera saurin karkata, wanda kuma ya kusa miƙewa yana taƙaita lilon. Shi ya sa ƙwararru ke tsawaita katakan ta baya, domin hana mai zama kifewa.

Fitattun samfurori

Daga cikin na farko-farko akwai kujerar J16, wadda Hans J. Wegner na ƙasar Danmak ya zayyana a 1944, lokacin da ƙasarsa ke ƙarƙashin mamayar Jamus. Ya yi ta ne wa sashen kayan ɗaki na ƙungiyar gama-kai ta masu sayayya, FDB, wanda abokinsa Børge Mogensen ke jagoranta. Manufar sashen ita ce samar wa iyalai kaya masu inganci a farashi mai sauƙi. Kujerar tana da doguwar majingina ta siraran sanduna, da mazauni da aka saƙa da igiyar takarda murɗaɗɗiya. Tasirin kujerun Shaker a bayyane yake a jikinta.

Wadda ta fi kowacce shahara ita ce RAR, ta Charles Eames da matarsa Ray, mazauna Kalifoniya. A lokacin yaƙi ma'auratan sun ƙera wa rundunar sojin ruwan Amurka karan ɗorin ƙafa daga matsattsen katako, inda suka ƙware wajen sarrafa abu ya bi siffar jikin mutum. A 1948 suka shiga gasar zayyana kayan ɗaki masu araha da gidan adana fasahar zamani na New York, MoMA, ya shirya, suka samu matsayi na biyu a ɓangaren kujeru. Samfurin da suka gabatar na ƙarfe ne, amma da aka ga zai yi tsada, sai aka koma ga roba mai zaren gilashi. A 1950 kamfanin Herman Miller ya fara sayar da ita, tare da haɗin gwiwar Zenith Plastics, wanda ya yi aiki da irin wannan roba wajen ƙera sassan jiragen sama a lokacin yaƙi.

Mazauni da majingina da madafan hannun RAR duk abu guda ne, kamar ƙoƙo, wanda aka ɗora a kan siraran ƙarafa masu gicciye da juna, su kuma a kan katakan lilo. An daina sayar da ita a kasuwa a 1968, amma Herman Miller ya ci gaba da yin ta har zuwa 1984 domin bai wa ma'aikatansa da suka samu ƙaruwa a matsayin barka. Daga baya an dawo da ita kasuwa, kuma a yau Herman Miller ne ke da izinin yin ta a Amurka, Vitra kuma a Turai.

A ƙasar Finlan, Ilmari Tapiovaara ya zayyana Mademoiselle a 1956 wa kamfanin Asko, yana mai sabunta tsohuwar kujerar sanduna ta ƙauyukan ƙasarsa. A Danmak kuma, Frank Reenskaug ya yi wa kamfanin Bramin wata kujera ta katakon tik mai matasai a ƙarshen shekarun 1950, wadda aka fitar da ita ƙasashen waje da yawa.

Ba dukkan kujerun zamanin ne na masana'anta ba. Vladimir Kagan, haifaffen Jamus da ya zauna a New York, ya yi tasa a shekarun 1950 da katakon walnat da aka sassaƙa ya yi kama da reshen bishiya, kuma tun farko masu kuɗi ne abokan cinikinsa. Sai Sam Maloof, ɗan baƙin haure daga Labanan, wanda aka haifa a Kalifoniya a 1916, ya rasu a 2009. Da hannu yake ƙera kujerunsa, masu dogayen katakan lilo da ke miƙewa can baya. Shugabannin Amurka Jimmy Carter da Ronald Reagan duk sun mallaki kujerarsa, kuma a 1985 ya zama mai sana'ar hannu na farko da ya samu kyautar Gidauniyar MacArthur.

Rawar da Kennedy ya taka

Kafin shekarun 1960, Amurkawa da dama na kallon kujerar lilo a matsayin ta tsofaffi da masu jego. John F. Kennedy ne ya taimaka wajen sauya wannan kallo. Ya daɗe yana fama da ciwon baya, kuma likitarsa, Janet Travell, wadda ta fara duba shi a 1955 yana sanata, ita ce ta ba shi shawarar zama a kanta. Da ya hau mulki a 1961, hotunansa a kan kujerar lilo cikin ofishinsa na Fadar White House suka zagaya duniya.

Kujerar Kennedy ba ta sabon salo ba ce. Ta gargajiya ce, ta katakon ok, ƙirar kamfanin P & P da ke jihar North Carolina. Duk da haka ta buɗe wa kujerun lilo kasuwa baki ɗaya. A 1996, lokacin da kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon kayan marigayiya Jacqueline Kennedy Onassis, an sayar da biyu daga cikin kujerunsa, kowacce a kan fiye da Dala 400,000.

Katako da doka

Masana'antun Danmak sun fi amfani da tik daga Kudu maso Gabashin Asiya, da ok, da bich, da kuma wani katako mai duhu da ƙamshi daga dazuzzukan Birazil, wanda masana tsirrai ke kira Dalbergia nigra. Amurkawa kuwa sun fi karkata ga walnat. Yammacin Afirka ma ta bayar da nata kaso, domin masana'antun Turai sun riƙa sayen katakon afromosiya daga ƙasashe irin su Ghana da Najeriya da Kamaru a matsayin madadin tik.

Yawan sara ya kusa ƙarar da wasu daga cikin waɗannan itatuwa. A 1992 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ta sanya katakon na Birazil a jerinta mafi tsauri, ta kuma sanya afromosiya a jeri na biyu. Saboda haka tsohuwar kujerar da aka yi da katakon Birazil ba ta tsallaka iyakar ƙasa bisa doka sai da takardar shaidar cewa an ƙera ta kafin haramcin. Wanda ya saya babu wannan takarda na iya rasa kayansa a hannun jami'an kwastam.

Yadda ake gane ta gaske

Kujerun da ke kasuwa sun kasu kashi uku. Akwai tsofaffi na asali, akwai sababbi da kamfanoni masu izini ke yi har yanzu, akwai kuma kwaikwayo marasa izini. Na farko ne suka fi tsada, kuma a kansu ne aka fi damfarar mutane.

Masu harkar sukan fara da kifa kujera su duba ƙarƙashinta, inda ake samun tambarin kamfani, ko dai a takarda, ko a ƙaramin ƙarfe, ko a ƙone a jikin katako. Wasu kujerun Danmak suna ɗauke da hatimin ƙungiyar tabbatar da ingancin kayan ɗaki da aka kafa a 1959. Sai dai tambari kaɗai bai isa hujja ba, tunda ana iya ciro shi daga wata kujera, haka kuma ta gaske na iya rasa nata saboda tsufa.

A kujerar RAR ta asali ana ganin zaren gilashin a fili cikin robar. Na farko-farkon ma suna da igiya da aka binne a gefen bakinsu, alamar da aka daina sanyawa a tsakiyar shekarun 1950. Akwai kuma dunƙulen baƙar roba da aka manna a ƙasan mazaunin, inda ake ɗaura ƙarafan. Wata dabara da ta yawaita ita ce a ɗauki tsohon mazauni na asali daga kujerar ofis ko ta makaranta, a ɗora shi a kan sababbin ƙafafun lilo, a sayar da sunan tsohuwar RAR. Sheƙin ƙarafan, da sabuntar notuna, da rashin zaizayewa a ƙasan katakan lilo su ne ke tona asirin irin wannan haɗi.

A kujerun katako kuwa, ana duba mahaɗai. Na asali suna haɗuwa sumul, ba tsaga ba tulin gam. Launin katakon yakan sauya a wuraren da hasken rana ya daɗe yana taɓawa, madafan hannu kuma sukan yi santsi saboda shekarun riƙo. Katakon da launinsa ya zo iri ɗaya ko'ina, har cikin lungu, ko dai sabo ne, ko an kankare shi an sake shafe shi. Tsohon rasit, ko kundin tallan kamfani, ko hoton kujerar a gidan mai ita na farko, duk suna ƙara mata daraja.

Kulawa

Masu tara irin waɗannan kaya sun fi daraja kujerar da ba a taɓa ba, ko da tana da 'yan tabo, a kan wadda aka gyara ta koma kamar sabuwa. Goge katako da samfefa ko sake yi masa fenti yana rage mata kuɗi. Abin da ake so shi ne a share ƙura da tsumma mai laushi, a riƙa shafa wa tik man katako jefi-jefi, a kuma nisanta kujerar daga rana kai-tsaye. Busasshiyar iska irin ta hunturu tana sa katako ya tsuke, mahaɗai su saki, danshi kuma yana gayyato gara. Soson cikin matasai yakan bushe ya koma gari bayan shekaru, kuma sauya shi ba laifi ba ne, muddin an adana yadin asali idan yana da sauran ƙwari. Mazaunin igiyar takarda ma ana iya sake saƙa shi.

Idan kujera ta fara ƙara ko girgiɗi, ya kamata a daina zama a kanta har sai ƙwararren kafinta ya duba, domin lilo yana ƙara wa mahaɗin da ya saki rauni.

Ga wanda zama yake so ba tara kayan tarihi ba, ƙofa a buɗe take. Har yanzu ana ƙera J16 da RAR da Mademoiselle bisa izini, a kan zanen masu su na asali, kuma J16 ta haura shekara 80 a kasuwa.