Na'urar Modem da Tarihin Sadarwa a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun, 2001 zuwa 2021

Abin da muke nufi da modem a wannan takarda shi ne 'yar na'urar nan da ba ta fi tsawon yatsa ba, wadda ake sa wa layin waya a ciki, a soka ta a jikin kwamfuta don shiga intanet. Mun zaɓe ta ne domin, duk da ƙanƙantarta, tarihinta yana nuna mana a hannun wa sadarwar wannan yanki take.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato, ran 1 ga Oktoba 1996, tarho abu ne na igiya da turaku a hannun NITEL, kuma igiyar ba ta taɓa isa ƙauyuka irin su Damaga ba. A watan Janairu 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, Econet da MTN suka fara aiki cikin Agusta. Sai a 2007 aka ba da lasisin 3G, wanda shi ya sa layin waya ya iya ɗaukar intanet da ɗan sauri. Ke nan wannan yanki ya tsallake zamanin igiya ɗungurungum.

Haɗa na'urar ba wani abin wahala ba ne. Mutum zai sa layinsa, wanda tun daga 2011 ya zama tilas a yi masa rajista, ya sayi data, ya soka modem. Manhajar da ke cikinta ita ke girka kanta a kwamfuta. Idan ta ƙi, sai a rubuta mata sunan mashigar kamfanin da hannu. Galibi akan ɗaure ta ga kamfani guda, shi ya sa buɗe ta don ta karɓi kowane layi ya zama sana'ar masu gyaran waya. Inda gizo ke saƙa shi ne sabis. Wanda ke nesa da turken sadarwa sai ya ƙara mata igiya, ya rataye ta a taga, ya zuba wa 'yar fitilarta ido. Da irin wannan dabara ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara da masu shagunan buga takardu suka riƙa cike fom da duba sakamakon jarrabawa, kafin manyan wayoyin hannu su karɓe aikin.

A ganinmu, a nan ne aka yi wa na'urar gurguwar fahimta. An ɗauka wanda ya saye ta ya mallaki hanyarsa, alhali turken da take dogara da shi na kamfani ne, izininsa kuwa na gwamnati. Shekarar 2021 ta bayyana haka. Ran 26 ga Fabrairu aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara. Cikin Agusta aka auka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, sa'an nan ran 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai fiye da 70 a Kaya, ƙasar Maradun. Kwana biyu bayan wannan, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, wanda shi kansa mutumin Maradun ne, NCC ta umarci kamfanoni su rufe sabis a duk faɗin jihar na mako biyu, don a hana 'yan bindiga magana da masu kai musu rahoto.

An sako ɗaliban Kaya kafin tsakiyar watan, kuma ba za mu raina wannan ba. To amma kowace modem da kowace waya a yankin ta mutu rana ɗaya, haka ma na'urorin masu POS, tunda su ma layin waya ne a cikinsu, ga shi an riga an rufe kasuwannin mako. Ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da halin kiran agaji. Mai son kira ko tura kuɗi sai ya kama hanyar Funtuwa ko Sakkwato, ba a jima ba Katsina da Sakkwato su ma suka rufe wasu ƙananan hukumominsu. An mayar wa Gusau sabis ran 1 ga Oktoba. Mafara da Bakura da Maradun kuwa, mako biyun nasu bai ƙare ba sai ƙarshen Nuwamba.